Macondo a Allon Netflix: Shin Gani Ya Kori Ji?

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma da alama marigayi Gabriel García Márquez bai yarda da wannan magana ba, aƙalla a kan littafi guda. Har Allah ya karɓi ransa a birnin Meziko ranar 17 ga Afrilu, 2014, mutumin nan ya ƙi sayar wa kowa izinin mayar da Cien años de soledad, wato Shekaru Ɗari na Kaɗaici, zuwa fim. Kuma kada mai karatu ya ɗauka ƙin fim yake yi. Tun yana matashin ɗan jarida a El Espectador ta birnin Bogotá yake rubuta sharhin finafinai, ya je Roma a 1955 ya shiga makarantar koyon fim, ya rubuta labaran finafinai da dama a Meziko, sannan a 1986 yana cikin waɗanda suka kafa makarantar fim ta San Antonio de los Baños a Kuba. Ɗan gida ne a harkar. Da ɗan gida ya ce wannan labari ba na kyamara ba ne, ai dole a saurara.

To, sai ga shi a 2019 'ya'yansa biyu, Rodrigo da Gonzalo, sun amince wa Netflix, bisa sharaɗin a yi shi da Sifaniyanci kuma a ɗauke shi a ƙasar Kolombiya. Aka tsara kashi 16, zango na farko mai kashi 8 ya fito ranar 11 ga Disamba, 2024, daraktoci biyu suka raba aikin, Alex García López ɗan Ajantina da Laura Mora 'yar Kolombiya. Wannan zango na farkon shi ne abin sharhinmu.

Ga wanda bai karanta littafin ba, ga kan labarin a taƙaice. José Arcadio Buendía ya auri 'yar'uwarsa Úrsula Iguarán, auren zumunci, dangi suna ta tsoratar da su cewa za su haifi ɗa mai wutsiyar alade. Saboda wannan tsoro amarya ta ƙi yarda da mijinta, magana ta fita gari, wani Prudencio Aguilar ya yi masa gori a wajen faɗan zakaru, shi kuwa ya soke shi da mashi har lahira. Fatalwar mamacin ta hana su sakat, suka tattara nasu-ya-nasu da wasu abokai, suka keta duwatsu da daji suka kafa wani gari, Macondo. Daga nan sai zuri'a bakwai, sunaye na ta maimaituwa, Aureliano da José Arcadio, José Arcadio da Aureliano, har sai mai karatu ya nemi takarda ya zana bishiyar dangi. A nan kam fim ya taimaka ƙwarai. Fuska ta fi suna saurin zama a kai, kuma wanda ya taɓa ajiye littafin a shafi na 80 don ya rikice zai ga hanya ta buɗe masa.

An kashe kuɗi, wannan ba a magana. An gina garin Macondo sukutum a kusa da Alvarado cikin jihar Tolima, kuma kana kallo garin yana girma a gabanka, daga bukkokin kara da laka a bakin kogi har ya zama gari mai kantuna da coci da ofishin hukuma. Gidan su Úrsula shi ma yana ta ƙara ɗakuna, kyamara tana bin mutane daga madafi zuwa tsakar gida zuwa ɗakin gwaje-gwajen maigidan ba tare da yankewa ba, har ka san gidan kamar ka taɓa kwana a ciki. Sutura, haske, kiɗan gabar tekun Karibiyan, duk sun zauna. Wanda ya ga abin da aka yi wa ɗaya littafin nasa na soyayya a zamanin kwalara a 2007, inda aka sa Javier Bardem da sauran 'yan wasa suna Ingilishi da karyayyen harshe a titunan Cartagena, zai gane dalilin da ya sa 'ya'yan suka kafe a kan sharaɗinsu.

Amma fa matsalar tana inda ake zaton nan ne ƙarfin fim, wato abubuwan al'ajabi. García Márquez ya sha faɗa cewa salon littafin daga kakarsa ya samo shi, Tranquilina Iguarán, wadda ta rene shi a Aracataca inda aka haife shi a 1927. Tsohuwar nan takan ba da labarin fatalwa da matattu da fuska a ɗaure, kamar mai faɗin farashin gishiri a kasuwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka da dare ya san wannan murya. Haka littafin yake: limami ya sha cakuleti ya tashi sama, a cikin jimla guda an faɗa an wuce, jimla ta gaba ana maganar wani abu daban. Ba a ba ka lokacin yin mamaki ba, shi ya sa kake yarda. Ita kuwa kyamara ba ta iya wucewa haka. Dole ta tsaya, ta nuna ƙafafun limamin sun rabu da ƙasa, ta nuna fuskokin masu kallo, kiɗa ya ɗan tashi. Da zarar an yi haka abin ya zama siddabaru, kuma mai kallon da ya saba da finafinan Amurka sai ya fara auna ko aikin kwamfutar ya yi kyau. A gaskiya daraktocin sun yi ƙoƙarin danne hannunsu, ba su cika ado ba. Fitowar da jinin José Arcadio ya malalo daga ɗakinsa ya bi titi ya shiga gida har ya iske uwarsa a madafi ta yi kyau matuƙa, haka ma ruwan furanni rawaya da ya sauka ranar da tsohon ya mutu. Sai dai kyau ne na hoto. A littafi wannan jini tsoro yake ba ka.

Sannan ga muryar mai ba da labari. Littafin ba shi da yawan hira tsakanin mutane, kusan duka bayani ne, don haka masu fim suka ɗauko jimlolin marubucin suka sa wata murya tana karantawa a kan hoto. Wani wuri ta yi amfani, wani wuri kuwa sai ka ji ana faɗa maka abin da idonka ke gani. Wannan alama ce ta tsoro. Sun ji nauyin littafin har sun kasa sakin hannunsa, kamar ɗan da ya gaji rigar ubansa ya ƙi kai ta wurin tela a rage masa.

Inda fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa shi ne daga lokacin da siyasa ta shigo gari. Gwamnati ta turo wani Apolinar Moscote a matsayin mai mulki, abin da ya fara yi shi ne umartar kowa ya shafa wa gidansa shuɗin fenti, launin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Aka yi zaɓe, da dare Aureliano yana zaune wurin surukin nasa ya ga an buɗe akwati an kwashe jajayen ƙuri'u an zuba shuɗaye. Wannan fitowa kam ba ta buƙatar fassarar ƙasan allo ga mai kallo a nan. Saurayin da ba ruwansa da kowa, sai ƙera 'yan kifayen zinariya a ɗakinsa, shi ne ya zama Kanar Aureliano Buendía wanda littafi ya ce ya tayar da yaƙi sau 32 kuma duka an ci shi. Claudio Cataño ya riƙe wannan rawa da kyau. Ba ya ihu, ba ya zare ido, a hankali kake ganin fuskarsa tana bushewa har ta kai uwarsa ma ba ta gane shi.

Kuma wannan ba ƙage ba ne zalla. Tsakanin 1899 da 1902 Kolombiya ta yi yaƙin basasa da ake kira Yaƙin Kwana Dubu, tsakanin masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi, ana ƙiyasta mutum wajen 100,000 suka hallaka, kuma ƙasar ba ta gama farfaɗowa ba Panama ta ɓalle a 1903. Kakan marubucin, Kanar Nicolás Márquez, ya yi wannan yaƙi a ɓangaren masu sassauci, ya kuma mutu yana jiran fanshon da bai zo ba. Janar Rafael Uribe Uribe, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar Neerlandia a 1902, yana cikin mutanen da aka ɗebo siffarsu aka gina Aureliano. Fim ya nuna yaƙin da ƙura da jini da yara riƙe da bindiga, abin da littafi yakan taƙaita a layi uku, kuma a nan gani ya kori ji da gaske.

Amma tauraruwar zangon a wurina ita ce Marleyda Soto, wadda ta fito a Úrsula bayan ta manyanta. Maza suna ta hauka, wannan yana neman mayar da ƙarfe zinariya har aka ɗaure shi a gindin bishiya, wancan yana yaƙi, ita kuwa tana sayar da alewa tana ciyar da gida tana ƙara gini. Dubi fitowar da jikanta Arcadio ya zama ɗan kama-karya a gari, ta fito da bulala ta zane shi a gaban sojojinsa. Babu aikin kwamfuta ko ɗaya a wurin, amma ita ce fitowar da ta fi kama da García Márquez a duk zangon.

Yanzu ga abin da ya sa nake ganin hukuncin wannan aiki bai cika a zango na farko ba. Zuciyar littafin mantuwa ce. Tun da wuri an nuna mana annobar rashin barci da ta sa mutanen Macondo suka fara manta sunayen abubuwa, har suna liƙa wa saniya takarda mai bayanin amfaninta. Fim ya yi wannan da kyau, har da ban dariya. To amma wancan share fage ne kawai. Babbar mantuwar tana gaba, lokacin da jirgin ƙasa ya kawo kamfanin ayaba na Amurkawa, kuma zango na farko ya tsaya kafin a kai nan.

Abin ya faru da gaske. A ƙarshen 1928 ma'aikatan gonakin kamfanin United Fruit suka shiga yajin aiki, suna neman a riƙa biyansu da kuɗi maimakon takardar karɓar kaya a kantin kamfani, a ba su hutun mako da kulawar asibiti. Daren 5 ga Disamba wayewar 6, suna taru a filin tashar jirgin ƙasa ta Ciénaga, ba nisa da Aracataca, sojoji ƙarƙashin Janar Carlos Cortés Vargas suka buɗe musu wuta. Janar ɗin ya ce mutum 47 suka mutu a duk rikicin, wasu suka ce ɗaruruwa, wasu suka ce sun haura 1,000. Wani matashin ɗan majalisa, Jorge Eliécer Gaitán, shi ya kai maganar zauren majalisa a 1929, kuma shi ne aka harbe a Bogotá ranar 9 ga Afrilu, 1948, kisan da ya ƙone tsakiyar birnin ya kuma rura wutar tashin hankalin da ya ci mutum wajen 200,000 cikin shekaru goma. García Márquez yana ɗalibin lauya a birnin a ranar. A littafinsa ya ce mutum 3,000 aka kashe aka loda a jirgin ƙasa kamar ayaba aka zubar a teku, washegari kowa a gari ya ce babu abin da ya faru. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa ya kumbura adadin don ya dace da girman labarin, amma abin mamaki, adadin nasa ne ya zauna a bakin mutane. Littafin da aka buga kwafi 8,000 a Buenos Aires a 1967 ya dawo wa ƙasa guda da abin da littattafan makaranta suka yi shiru a kansa. Kamfanin kuwa bai ɓace ba, suna ya sauya zuwa Chiquita, kuma a watan Yunin 2024 wata kotu a Florida ta same shi da alhakin ba wa 'yan bindigar AUC kuɗi a Kolombiya, ta ce ya biya iyalan waɗanda aka kashe dala miliyan 38.3.

Ka ga ke nan akwai abin dubawa: wani katafaren kamfanin Amurka ne ya zo Kolombiya da jarinsa ya gina Macondo don ya ba duniya labarin yadda wani katafaren kamfanin Amurka ya zo da jarinsa ya cinye Macondo. Ban ce wannan laifi ba ne, 'yan Kolombiya da yawa sun samu aiki, kuma da harshensu aka yi. Amma a filin tashar jirgin nan ne za a auna su, ko za a nuna shi a matsayin kisan da aka yi wa ma'aikata a 1928, ko kuwa ya zama wani abin al'ajabi mai kyan hoto kamar ruwan furanni.

Gargaɗi ga masu iyali: akwai tsiraici da fitowar kwanciya a kusan kowane kashi, wasu ma babu abin da suka ƙara wa labarin, don haka ba fim ne na falo da yara ba. Kashi biyun farko suna da ɗan jan ƙafa, sai an daure. Daga inda Moscote ya sauka a gari da fentinsa kuwa, da wuya ka tashi ba ka kai ƙarshe ba.