Tsofaffin Waƙoƙin da Suka Farfaɗo da Zauren Ryman

An gina zauren Ryman a birnin Nashbil na Amurka a 1892 a matsayin wurin wa'azi, da kuɗin wani attajiri mai jiragen ruwa, Thomas Ryman. Daga 1943 ya zama gidan shirin rediyon Grand Ole Opry. Da shirin ya ƙaura a 1974, sai zauren ya koma kamar kango, har aka yi maganar rushe shi.

A 1991 mawaƙiya Emmylou Harris da makaɗanta suka yi dare uku suna wasa a ciki, ba jita mai lantarki. Mutum kusan 200 kaɗai aka bari suka shiga, saboda benen ya lalace. Waƙoƙin jiya suka zaɓa, ciki har da wata ta Stephen Foster ta 1854, dattijo Bill Monroe ma ya hau dandali ya taka rawa. Wannan zaɓi ya cancanci jinjina, domin ya nuna wa jama'a cewa amon zauren na nan daram.

Faifan da aka ɗauka a wasan ya fito a 1992, ya ci lambar Grammy. Masu ginin suka zuba miliyoyin daloli, aka gyara tsofaffin bencinan katako aka mayar da su, aka sake buɗe zauren a 1994.