Masu Farautar Balbela da Kyamara a Garwa

A gaishe da samarin Garwa da ke sammako zuwa bakin kogin Binuwai, rataye da kyamarar gwanjo da gilashin zuƙo nesa mai milimita 70 zuwa 300. Baƙi masu manyan kaya gandun dajin Waza suke nufa, neman gauraka da jimina. Su kuwa waɗannan, balbela da hazbiya da shirwa sun ishe su.

Gilashin mai araha yana da halinsa. Idan aka zuƙe shi ƙarshe haske kaɗan yake sha, saitinsa da nawa, ga hazon hunturu na dusashe komai. Sai mutum ya biya da haƙuri: ya ba rana baya, ya tokare gwiwar hannu a gefen kwalekwale, ya matso a tsugune har ya kama carki yana tsintar kaska a wuyan bijimi, jan tsinin bakinsa tas.

Garwa na da Makarantar Namun Daji tun 1970, amma masana ba sa iya leƙa kowace mahauta. Angulun da aka raina, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma hotunan samarin nan na nuna inda take sauka har yanzu.