Abin da A Ke Nuna wa Baƙo a Birnin Kano

Baƙon da ya sauka Kano don buɗe ido, hanya ɗaya a kan bi da shi. A hau da shi Dala, a nuna masa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, a shiga da shi Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, waɗanda a ke danganta su da zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), sa'an nan a ƙare a marinar Ƙofar Mata. Wuraren nan duka sun cancanci gani. Aibin tsarin shi ne, tsufan abu kaɗai ya ke koya wa baƙo. Gwanintar da ta haifi abin kuwa, a kan bar ta a baya.

A dubi rini da gini. Baƙo ya kan ɗauke su sana'o'i biyu da babu abin da ya gama su. Alhali kuwa katsi, watau abin da ke kwantawa a gindin karofi, shi a kan kwashe a ƙona, a haɗa da gashin jima da dafara, a sami laso, wanda magina ke shafe soro da shi don kada ruwa ya ci. Karofin kansa da laso a ke daɓe shi. Ashe marini da majemi da magini igiya ɗaya ta ɗaure su, kuma wanda bai ga igiyar ba bai ga fasahar ba.

Har wa yau, yawon ba ya fita bayan ganuwa. Amma a labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano tare a ke kiransu sarakunan baba. Tufafin da Barth ya tarar a 1851 suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ba birni kaɗai ya rina su ba. Garuruwan kudu irin su Kura suna da babban rabo a ciki.

A Sitokholm, babban birnin Suwidin, akwai abin lura. A 1891 Artur Hazelius ya buɗe Skansen, inda aka kwaso tsofaffin gidaje daga sassan ƙasar aka sake kafa su, kuma masu sana'a suna aiki a ciki a gaban mai kallo. Su sai da suka tumɓuke gidajen kafin su tsirar da su. Kano ta fi su sa'a, domin sana'o'inta suna nan inda suka tsira. Mai bayani kawai suka rasa.

Nan ne aikin malaman makarantun horon malamai ya ke. Ya kamata a tura ɗalibai wurin magina da marina na garuruwansu, ko Rano ko Kibiya, su rubuto kalmomin sana'a daga bakin masu ita: tubali, azara, makuba, bakan gizo, zanko, shuni, bugu. Soron da ya faɗi a kan tashe shi muddin akwai wanda ya san yadda a ke haɗa laso. In wannan sani ya tafi, sai kallon kufai.