Tawada Ruwan Ƙasa: Ni Dai Waterman Ta Gama Da Ni

Jama'ar alƙalami mai shan tawada, ku da kuke yawo da tabo a ɗan yatsa ko a jikinku, ku matso kusa. Yau hirar ruwan ƙasa za mu yi, kuma tun da wuri ina shaida muku cewa na riga na ɗauki ɓangare. Shuɗiya ta ofis ce. Baƙa ta cike fom ce da takardar kotu. Ja kuwa mun bar wa malamin makaranta da mai girma gwamna. Amma ranar da mutum zai zauna ya rubuta abin da ransa ke so, wasiƙa ce zuwa ga amini, ko lissafin buhunan gero da wake, ko 'yar waƙar da ba zai nuna wa kowa ba, to babu kamar ruwan ƙasa mai ja-ja, mai laushi a ido, mai kwarjini ba tare da hayaniya ba, wadda ke sa ko rubutun kaza ya fito da kamala. Wallahi ba zuga ba ce.

Kun dai san ruwan ƙasa suna ne kawai ya tara su. Akwai wadda ta karkata wajen toka ko kore, ta yi sanyi, ta yi shiru a kan takarda. Akwai kuma wadda ta jingina da ja da ruwan goro, wadda in ka buɗe littafi za ka ga shafin ya ɗau haske. Wannan ta biyun ita nake wa kirari. Kamfanoni suna samar da launin ne ta hanyar gauraya rini, ja da rawaya da ɗan shuɗi ko baƙi, kuma wanda ya rinjaya shi ne halin tawadar. In kuna son ganin asirin, ku ɗiga ɗigo ɗaya a kan tishu, ku bi shi da ruwa kaɗan. Nan da nan rinin zai rarrabu, kowane launi ya kama gabansa, ka ga abin da ke cikin tawadarka ƙuru-ƙuru. Wasa ne mai shiga rai. Ku yi hattara, yana cinye tishun gida.

Mu nan Rawayau, da Kurfi da Dutsin-Ma, ba baƙi ba ne ga wannan launi, kuma ina ganin shi ya sa yake saurin kama mu. Duk wanda ya taɓa ganin alaramma ya kwance gafaka ya fito da tsohon Alƙur'ani rubutun hannu ya san abin da nake nufi. Tawadar allo daban ce: zuge ne da ƙaro, baƙa wuluk, ana wanke ta. Ta takarda kuwa yambari ce, wadda ake dafawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, a sa mata ƙaro. Sinadarin nan na bagaruwa da majema ke jima da shi, in ya haɗu da ƙarfe ya sha iska, sai ya yi duhu ya kama takarda kam. Shekaru na tafiya, baƙin na sassautawa, har ya koma ruwan makuba mai zurfi. Ga wasula da jar tawada, ga hamza da rawaya, ga takardar nan mai tambarin wata uku da fatake suka riƙa ketowa da ita Sahara daga Italiya ta Tarabulus, ita ma ta yi ruwan zuma saboda tsufa. Kai! Wanda idonsa ya tashi da wannan shafi, yaya za a yi biro shuɗi ya ƙosar da shi?

To, bari mu jera 'yan takara.

Pelikan 4001 Brilliant Brown, 'yar Jamus, daga jerin tawadar da ya haura shekara ɗari a kasuwa. Mai haske ce, mai fara'a, ja ya yi mata yawa har takan leƙa ruwan goro. Tana da tsumulmular zuba, saboda haka ita ce maganin alƙalamin da ke ɓarin tawada kamar da gayya. Farashinta kuma bai cika tayar da hankali ba. Ina girmama ta ƙwarai.

Diamine Ancient Copper, 'yar Ingila. Kamfanin ya faro tun 1864, yau yana Libaful, kuma launukansa sun haura ɗari. Wannan ita ce 'yar gayun gidan: ruwan tagulla, mai walƙiya, mai shedin na fitar hankali, wato a harafi ɗaya sai ka ga sama ya yi haske ƙasa ya yi duhu inda tawada ta taru. A sa ta a alƙalami mai faɗin baki a ga ikon Allah. Duk wanda ya ce bai taɓa rubuta sunansa da ita ya tsaya yana kallo ba, a bincike shi. In ta yi maka ƙyalli da yawa, 'yar uwarta Chocolate Brown tana nan, mai duhu, mai nauyi.

Herbin Lie de Thé, 'yar Faransa, daga gidan da ke lissafin tarihinsa tun 1670. Ita rawaya ta fi ja a jikinta, da ɗan kore can ƙasa-ƙasa. Dattijuwa ce. A cikin duka ita ta fi kusa da tsohuwar takardar malamai, kuma 'yar kwalbarta ta mililita 30 har wurin ɗora alƙalami gare ta. Na san cikinku akwai masu rantsuwa da ita, ba na kuma ganin laifinsu.

Sai Yama-guri ta jerin Iroshizuku, daga kamfanin Pilot na Japan. Santsi kam ba a magana, bakin alƙalami sai ya riƙa sulɓi a kan takarda. Kwalbar kanta abin ajiyewa a falo ce, da ɗan rami a gindinta don a kwashe ɗigon ƙarshe. Sai dai launinta mai duhu ne, mai sanyi, ta fita daga layin da muke bi yau. Ga masu son ruwan ƙasa da za a shiga ofis da ita ba a ankara ba, ga taku.

Yanzu a buga tambari. Waterman Absolute Brown! Tsofaffin hannu sun san ta da sunanta na da, Havana Brown, kuma har gobe wasu ba su yarda sun sauya baki ba. Gidan Lewis Waterman ne, mutumin da ya yi rajistar fasaharsa ta zubo da tawada daidai wa daida a birnin New York a 1884, ko da yake yanzu a Faransa ake yin kayan. Abin da ya kashe ni da ita shi ne ta tsaya a tsakiya cif: ja ya ishe ta ta yi armashi, duhu ya ishe ta a karanta ta ba tare da an ƙanƙance ido ba. Tana sauka a kan takarda jiƙaƙƙiya, mai sheƙi, ja-ja, sannan kana kallo ta lafa, ta nutsu, ta koma launin lallen da ya kwana ya kama sosai. Wannan 'yan daƙiƙun da take bushewa, ni su ne albashina.

Ga ladabi. Ka ba ta tsohon alƙalamin Hero da ka gada a akwatin baba, ta zuba. Ka ba ta Jinhao na kuɗi kaɗan, ta zuba. Ka ba ta Lamy Safari, ta zuba har da rangwaɗa. Ba banza ba masu gyaran tsofaffin alƙaluma suke yawan ba da shawarar tawadar Waterman: ba ta da rikici, ba ta da wuyar wankewa, ruwa kawai za ka zuƙa ka fesar har ya fito fari. Sannan kwalbar! Mililita 50 ce, mai kusurwa-kusurwa, an yi ta ne yadda in tawada ta yi ƙasa za ka kwantar da ita a gefe ɗaya ta zauna daram, ka tsoma baki ka sha abinka. Wanda ya zana kwalbar nan Allah ya yi masa albarka. Kuma da yake kwanbata, wato 'yar ma'ajiyar tawadar da ke cikin alƙalami, ba ta cika ɗaukar mililita guda ba, kwalba ɗaya za ta cika maka alƙalami fiye da sau hamsin. Ku lissafa biro nawa ke nan.

Inda take burge ni ƙarshe shi ne dogon rubutu. Wasu launukan layi biyu suke da daɗi, shafi guda ya gundure ka. Ita kuwa ka cika shafi uku da ita, ka dawo bayan wata guda ka karanta, ido ba ya gajiya. A boko kyakkyawa ce. A ajami kuwa, da baki mai faɗi wanda aka yanke a karkace, inda jan layi ke yin kauri ya sirance, sai ka rantse wani gwani ne ya ara maka hannu.

Amma fa sai an yi mata adalci. Siririn baki yana cinye mata kyau, ta fito kamar baƙar da ta koɗe. A ba ta matsakaici ko mai faɗi. Takarda kuma ita ce rabin zance. A kan fara tas ja yakan fito fili, a kan mai ruwan madara sai ta ƙara zurfi da taushi, kuma nan ne gidanta. Wanda ya samu Rhodia ko Clairefontaine ko Tomoe River ya more. Wanda bai samu ba, takardar fotokwafi mai giram 80, in an dace da mai kyau, tana fitar da kai kunya.

Ga ƙorafina, don kada ku ce an biya ni. Na ɗaya, littattafan rubutu na araha da suka cika mana shaguna: ka ɗora baki, tawada ta yi gashi, ta yi naso har bayan shafi. Ba laifin tawada ba ne, amma ita ake zagi. Na biyu, samu. Mu da ke nan sai dai oda ta intanet, ko a roƙi mai dawowa daga waje ya saƙo kwalba cikin kaya, ga canjin kuɗi ya mai da ita kamar turare. Shagon kayan rubutu in ka ce ruwan ƙasa kake nema, kallon da za a yi maka ya isa. Na uku, ruwa. Irin wannan tawadar ta rini ce, ba ta da alƙawari da damina, ɗigo ɗaya ya faɗa wa shafi sai labari ya canja. Rana ma tana koɗar da ita in aka bar rubutu a fili. Don haka takardar filaye da yarjejeniyar bashi, a nemi tawadar da aka yi domin su.

Hunturu ma yana da nasa sharaɗi. Iskar nan busasshiya tana shanye ruwan da ke bakin alƙalami, ka tsaya tunanin jimla ɗaya ka dawo ya ƙi tashi. Rufe murfi da zarar ka ɗaga hannu. Da bazara kada a bar alƙalami a mota ko a rana, iskar da ke cikinsa za ta kumbura ta turo tawada cikin murfi, farar shadda ta biya diyya. A riƙa wanke shi lokaci-lokaci da ruwa mai tsabta, fiya wata ma ya wadatar, ban da ruwan zafi.

Sai gargaɗi mafi girma, domin na san akwai wanda tun sakin layi na uku ya fara wannan tunani: kada ka kuskura ka ɗura yambari ko zuge a alƙalami mai shan tawada. Ƙaro zai daskare a siraran hanyoyin da tawada ke bi, gari-garin ciki ya toshe su, shi ke nan an yi asara. Yambari da alƙalamin gamba da kurtu aka san ta, a bar ta a gidanta da darajarta. Mai son ɗanɗanon irinta a aljihu ya nemi jerin Classic da kamfanin Platinum na Japan ya fitar a 2017, musamman Khaki Black da Sepia Black. Su ma da ƙarfe aka haɗa su, suna sauka da haske su yi duhu a gabanka, sun kuma fi jure ruwa, sai dai suna son a riƙa wanke alƙalami a kai a kai.

Hukuncina ke nan, kuma ba na neman afuwar kowa. Mai son ƙyalli ya ɗauki Ancient Copper. Mai son dattako ya ɗauki Lie de Thé. Amma wanda kuɗinsa na kwalba ɗaya ne tak, kuma yana son ruwan ƙasa mai ja-ja da zai yi rubutu da ita kullum, ya sayi Waterman Absolute Brown, ya sa ta a matsakaicin baki, ya nemi takarda mai ruwan madara. Masu ja da ni kuwa, ku zo da alƙalumanku da kwalabenku, a shimfiɗa tabarma a gwada.