Tauraro da Jigo a Littafin Shaihu Umar

Da muka zaga duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun Rano da Kibiya, mun tarar ana koya wa yara cewa jigon Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, haƙuri ne, tauraronsa kuwa Umar. Mu dai muna da ja. Umar bai ƙulla kome da kansa ba: sace shi aka yi yana yaro, Abdulkarim ya kai shi Masar. Uwarsa ce ta fita nemansa da ƙafarta, aka yaudare ta aka sayar, ta rasu a Tarabulus bayan ta gan shi. Ta wurinta marubucin ya tona muguntar cinikin bayi, watau jigon da malamai kan tsallake domin amsar jarrabawa ta zo da sauƙi.