Damargu a idon baƙo: sake karatun Heinrich Barth

A wata gasar kacici-kacici da muka shirya wa ɗalibanmu a Tanut, babu wanda ya yi tuntuɓe da aka tambayi shekarar da aka gama hasumiyar Eiffel: 1889. Sun san dalar Masar, sun san babbar ganuwar Sin. Amma da aka ce su faɗi abin da ya faru a Tagalal a watan Janairun 1851, sai ɗaki ya yi tsit, alhali garin yana nan cikin Damargu. Wannan shiru ne ya sa na sake ɗauko littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, wanda ya fito cikin juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858.

Barth Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta aiko tare da James Richardson da Adolf Overweg. Sun taso daga Tarabulus a 1850, suka ratsa Sahara, suka zauna a Abzin, sa'an nan suka gangaro kudu cikin ayarin gishiri na Kel Ewey. A Tagalal suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, ajali ya same shi a hanyar Kukawa cikin Maris na 1851. Barth kuwa ya bi ta Tasawa da Katsina har Kano.

Abin yabo a shafukansa na Damargu shi ne kaifin ido. Bai ɗauki ƙasarmu a matsayin fako da ake ƙetarawa ba. Ya lura da gonaki da rumbuna, ya kuma gane cewa geron Damargu ne ke ciyar da Abzin. Wanda ya fahimci haka ya kama bakin zaren tarihinmu: hatsi ya hau arewa, gishirin Bilma da dabino su sauko kudu, fataucin Tarabulus da Kano ya bi ta tsakani. Haka aka yi ta yi har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya wajen teku.

Sai dai littafin yana da aibinsa. Barth ya ga Damargu cikin kwanaki kaɗan, da rani, daga cikin ayari. Yawancin abin da ya ji, daga bakin waɗanda suka yi masa rakiya ya ji shi. Manomin da ya cika rumbun, Badagire ko Bahaushe, ana ganin aikinsa, ba a jin muryarsa. Haka kuma kalmar "ganowa" da ke cikin sunan littafin tana da yaudara. Me aka gano? Hanyar da madugai suka san kowace rijiya a kanta tun kaka da kakanni? Ilimin ƙasa yana nan kafin Barth; abin da ya ƙara shi ne alƙalami da taswira.

A nan ne laifinmu, mu malamai, ya fito fili. Mun mai da sanin duniya haddar sunayen wurare masu nisa, har yaro ya zaci tarihi abu ne da ke faruwa a garin wasu. Ban ce a bar koyar da kogin Nilu ko birnin Rum ba. Wanda bai san nesa ba, ba ya iya auna kusa. Amma ɗan Belbeji da ya san dalilin da ya sa raƙuma ke sauka kasuwar garinsu zai fi saurin gane abin da mashigin Suez ya yi wa cinikin duniya bayan 1869.

Saboda haka a karanta Barth a aji, a yi gardama da shi, a kuma aiki ɗalibai wajen tsofaffi su jiyo abin da ya tsallake. Kowace shekara masu wannan labari suna raguwa, kuma in sun ƙare, shaidar baƙo kaɗai za ta rage mana.