A bar taurarin labari su yi magana

Har yau akwai masu ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin autan rubuce-rubuce, wanda ake kulawa da shi bayan an gama da manya: tarihi, wa'azi, rahoton jarida, takardar ofis. A ɗakin malamai na makarantun Jalingo ba a rasa mai cewa ai ƙarya ce kawai aka jera a takarda. Mai ɗan sassauci kuma ya ce a karanta, amma wane darasi ya koyar? Na biyun ya fi damuna, domin yana ganin gata ya yi wa labarin, alhali ya mai da shi yaron wa'azi.

Mun san yadda abin ya faro. A 1933 Rupert East ya shirya gasa a Hukumar Fassara ta Zariya, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littattafan makaranta aka so, shi ya sa tambayar darasi ta maƙale wa wannan fanni tun yana cikin zanen goyo. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC ya fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Daga nan marubutan Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, Ibrahim Malumfashi ya yayata musu sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu a jaridu. Zuwa 2007 har ƙone irin waɗannan littattafai aka yi a Kano. An yi ta gardama kan tarbiyya da kurakuran ɗab'i, ba a cika tsayawa kan aikin da labari ke yi wanda sauran rubutu ba sa iyawa ba.

Wannan aiki, a ganina, yana cikin hirar taurari. Ɗan jarida yakan kawo maganar ɓangare biyu, amma ya riga ya tace ta. Mai wa'azi muryarsa ɗaya ce, kuma ya san inda zai sauka tun kafin ya hau. Marubucin labari shi kaɗai ke da izinin sa mugu ya faɗi hujjarsa da bakinsa, ta yi daɗin ji, ya ja gefe ya bar mai karatu da ita.

A duba Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara. In an taƙaita shi haka, labarin kotun shari'a ne da ake ji kullum. Ƙarfin littafin yana wajen da mutane ke buɗe baki: yadda maigida ke maganar cefane kamar alfarma yake yi, yadda kishiya ke sa zuma a harshe gaban miji ta sa barkono bayan ya fita, yadda Rabi ke lissafin abincin sayarwa da kuɗin makarantar yara. Da dukiyar Alhaji Abdu ta ƙone, aka taru a kan Rabi ta koma ɗakinta. Masu neman darasi sukan ce ga shi nan, alhaki ya bi mai shi. To ita Rabi da ta fara tsayawa da ƙafarta, komen nan sakayya ce ko wani sabon hukunci? Masu ba ta baki ba mugaye ba ne, maganarsu irin ta dattawan kowace unguwa ce, ta haƙuri da duba yara. Da Balaraba ta sa su yi magana kamar azzalumai, da mai karatu ya huta. Ba ta ba shi wannan hutun ba, shi ya sa matan da suka karanta littafin ba su daina musu a kan ƙarshensa ba. Wanda ya ce wannan adabin kasuwa ne, ya koma ya sake karanta shi.

Hira kuwa ba ta tsayuwa sai da kunne, kuma a nan nake da magana da matasan Jalingo masu rubutu a waya, suna sakin labari kashi-kashi a WhatsApp. Tun da aka yanke Taraba daga Gongola a 1991, garin ke cika da mutane, kuma Hausa ce ke haɗa Bafulatanin Muri da Mumuye da Jukun da Tibi a kasuwa. Hausar tana da nata ɗanɗano. Mai sayar da doya zai ce matarsa "ya tafi gona", ba wanda zai ɗaga kai. Direban keke ya fara jimla da Hausa ya ƙarasa da Fulatanci. Amma buɗe labarin ɗan garin, sai ka tarar kowa na magana kamar an haife shi a Fagge, gidan kuma na attajirin Kano ne. An bar abin da ke shiga kunne kullum an tafi aro.

Hafsat Abdulwaheed ba ta ji kunyar barin Boɗaɗo, tauraruwar So Aljannar Duniya, ta zama Bafulatana a cikin littafin Hausa ba. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta: bakin mai ba da labari, takardar jarrabawa, labaran rediyo. Idan kuwa tsohuwa Mumuye ce ke ciniki a shafi, editan da ya gyara mata "ya" ya koma "ta" ya cire ta daga labarin, ya saka wata mata daga Kano.